Yadda Goggo Don-me Ta Koyi Ƙira

Ba da sunan Don-me aka yanka mata rago ba, amma ko 'yan ɗakinsu sai sun tsaya sun yi tunani kafin su tuna sunanta na gaskiya. Tun tana ƙarama ba ta da ƙiwuya. In an aike ta za ta je, in an ce ta kawo abu za ta kawo, sai dai tana miƙowa tana cewa, "Don me?" Don me kwalba take gumi in an zuba mata ruwan sanyi? Don me madubi yake mayar da hagu dama, amma ba ya mayar da sama ƙasa? Yayyenta suka gaji, suka liƙa mata sunan, ya kuwa zauna daram.

Mahaifinta tela ne. Wata rana ya dawo gida ya tarar ta kwance agogon teburinsa, ta jera kayan cikinsa a kan faranti kamar mai talla. Bai doke ta ba. Ya tsuguna ya ce, "To, kin ga abin da ke ciki?" Ta ce ta gani. Ya ce, "Mayar." Agogon nan bai sake motsi ba har aka jefar da shi.

Da ta girma ta sami aiki a wani babban asibiti. Ita ba nas ba ce, ba kuma likita ba. A can ƙasa take, a ɗakin da ake wanke kayan tiyata: almakashi, hantsaki, ƙananan wuƙaƙe, da wasu ƙarafa masu lanƙwasa da ba ta taɓa ganin inda suke shiga a jikin mutum ba. Ta wanke, ta goge, ta naɗe, ta sa a tukunyar tururi. Sama da shekara talatin tana wannan. A nan yaran ma'aikata suka ƙara mata Goggo a gaban sunan. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su, saura autarta da ke koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare, wadda har yanzu take gida. Mijinta tsohon direban bas ne, kowa a unguwa Direba yake ce masa, ita kuwa Maigida.

Da ta yi ritaya, zama ya nemi ya kashe ta. Ta kwashe kayan kicin ta wanke, ta mayar. Ta sake kwashewa. Jikoki in sun zo hutu, su da ya kamata su dame ta da tambaya, ita ce take damunsu, har suka fara ɓoye wayoyinsu in sun ji takunta.

Ana nan, sai sarƙar wuyan Auta ta tsinke. Auta ta ajiye ta a kan tebur ta tafi aiki. Goggo ta ɗauka, ta sa tabarau, ta fita tsakar gida inda haske yake. Ta san dai dole kowane ɗan zobe na sarƙar nan a buɗe yake kafin a sa shi cikin ɗan'uwansa. Amma ina bakin? Ta juya, ta juya, ta bi da farce, ba tsaga, ba tabo, kamar haka Allah ya halicce su a sarƙe. Ranar tukunyarta ta kama.

Washegari ta ce ita za ta kai gyaran. Mai gyaran yana da ɗan shago a bakin kasuwa, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Ta tsaya a kansa tana kallo. Ya kunna wata 'yar wuta shuɗiya, ya taɓa wurin, wani abu ya yi ƙyalli, shi ke nan.

"Tsaya, ɗana. Mene ne wancan da ya gudu?"

"Liƙi ne, Mama."

"Don me ya bi tsagar bai zuba ƙasa ba?"

"Haka yake yi."

"Don me yake yin haka?"

Mutumin ya dubi layin da ke bayanta, ya dube ta. Ya ce, "Mama, ni gyara nake yi. In karatu kike so, akwai cibiyar koyon sana'a a bayan tashar mota, a sama suna da ajin ƙira. Can za su sha tambayarki."

Da gatse ya faɗa. Ita kuwa daga nan can ta nufa.

Da ta gaya musu a gida, Auta ce ta fara tayar da jijiyar wuya. "Haba Inna! Wuta fa, da gas, da guduma. Idonki ma sai da tabarau kike sa zare a allura. Ki shiga ajin saƙa mana, ko na yin sabulu."

"Na san yadda ake sabulu."

"To ai shi ya sa zai yi miki sauƙi."

"Shi ya sa ba na so."

Direba yana kishingiɗe yana sauraron rediyo. Ya rage murya ya ce, "Ƙyale ta. An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ita da ba ta da shi." Ya yi dariyarsa shi kaɗai. A ransa ya ɗauka mako biyu za ta yi ta dawo.

Ajin yana hawa na biyu, sama da masu koyon ɗinki da masu gyaran waya. Abin da ya fara tarbar ta wari ne: gas, da ƙonannen abu, da wani tsami-tsami mai shiga hanci. An kashe fanka saboda wuta, an buɗe tagogi duka. Akwai dogon tebur mai kauri, an ƙwaƙule gefensa a gaban kowace kujera yadda cikin mutum zai shiga, an kafa ɗan katako mai baki kamar wutsiyar kifi, a ƙasa kuma an rataya fata don tare ɓurɓushin ƙarfe. A bango ga guduma iri-iri, daga mai girman dunƙulen hannu har wadda ba ta wuce cokali ba.

Goggo ta zata za ta ga wani ƙaton mutum mai damtse. Sai ga wata siririyar mace, sa'ar 'yarta ta biyu, farcenta a yanke ƙit, bayan hannunta duk ƙananan tabon ƙuna, tabarau a goshi. Ita ce Malama. Ba ta da yawan magana. Ta miƙa wa kowa ɗan fallen jan ƙarfe da aka zana wa layi, da wani zarto mai baki siriri kamar zare, ta ce, "Ku bi layin."

Kusa da Goggo wani mai aski ne, mutum mai tumbi da surutu, wanda ya zo koyon zobe don ya riƙa sayarwa a shagonsa. Ya ce, "Goggo, ke ma an zo neman na kai?"

"Na zo ganin yadda ake yi ne."

"Gani kawai? Ai da kin leƙo ta taga."

Bai rufe baki ba zartonsa ya ce tas, ya tsinke. Ta buɗe baki za ta yi dariya, nata ma ya ce tas. Ranar bakin zarto nawa ta karya, ita kanta ta daina lura. Malama ta zo ta tsaya a bayanta, ta goga wa sabon bakin kyandir, ta ce, "Kada ki tura shi, Goggo. Ki bar shi ya ci da kansa. Ke dai sama da ƙasa."

"Malama, don me haƙoransa suke kallon ƙasa?"

Malama ta karɓi zarton. Ta kwance bakin zarton, ta juya shi haƙoran suka kalli sama, ta ɗaure, ta miƙa mata. Goggo ta ja sau ɗaya, fallen ƙarfen ya yi tsalle daga kan katakon ya faɗa cinyar Mai-aski.

"Kin gani?"

"Na gani. In suna kallon ƙasa, danne shi suke yi a kan katako."

"To. A ajin nan hannu ake fara tambaya. In ya kasa, sai a tambaye ni."

Goggo ta bi yarinyar nan da kallo. Duk tsawon rayuwarta, in ta yi tambaya, ko dai a ce mata haka Allah ya yi, ko a ce ta cika surutu. Ba wanda ya taɓa mayar mata da tambayarta a hannu ya ce ta gwada. Ta koma gida da ɗan yatsa a ɗaure da filasta, tana ta murmushi a cikin bas kamar wadda aka yi wa albishir.

A mako na gaba aka shiga duka. Aka ba su sandar jan ƙarfe su buga a kan uwar maƙera har ta yi faɗi. Da farko ƙarfen yana bin guduma kamar ƙullu. Can sai ya fara gardama, sautinsa ya sauya, ya koma ƙarfi, guduma tana dawowa. Goggo ta ƙara ƙarfi, gefen ya tsage.

"Ya gaji," in ji Malama. "In kika ci gaba, karyewa zai yi." Ta ɗora shi a kan tubali, ta bi shi da wuta har ya yi ja-ja kamar garwashin da ya fara mutuwa, ta ɗauka da awartaki ta tsoma a ruwa. Ya ce cuuu. Ta miƙa wa Goggo. "Lanƙwasa."

Da yatsu biyu ya lanƙwashe.

Goggo ta riƙe baki. "Ikon Allah! To amma tsaya. Ba cewa ake yi da zafi-zafi ake dukan ƙarfe ba? Ga shi kin sanyaya shi kafin a doka."

"Wannan baƙin ƙarfe ne, na masu fartanya da gatari. Jan ƙarfe da azurfa, in sun sha wuta sun huce, laushinsu yana nan."

"Ashe karin maganar ma ba kowane ƙarfe ta sani ba."

Mai-aski ya ce, "Ni dai na gane karatun yau. Duka yana ƙara taurin kai. Bari in koma in gaya wa mahaifina, ko da yake ya makara."

Ajin ya fashe da dariya. Goggo kuwa ba ta saki zancen ba. Don me duka yake taurara shi, wuta ta sassauta shi? Malama ta ce a cikin ƙarfe akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Duka yana cusa su cikin juna har su rasa wurin motsi, wuta kuma tana ba su damar sake zama. Goggo ta ce, "Kamar bas ɗin Maigida da safe." Malama ta ce ba ta san bas ɗin ba, amma da alama haka ne.

Amsar sarƙa ta zo ba tare da ta tambaya ba. Wata rana aka ba su waya ta azurfa, aka ce su naɗe ta a jikin ƙusa, zagaye bayan zagaye, sannan su zare ƙusar su bi naɗin da zarto. Ƙananan zobba suka zubo a kan fata, kowanne da bakinsa a buɗe. Aka sarƙa su, aka matse bakin da filaya har haske ba ya wucewa. Sannan liƙi: a shafa wani farin ruwa, a ɗora ɗan ƙwayar ƙarfen liƙi da bai kai ƙwayar gero ba, a kawo wuta.

Goggo ta kai wutar kan ƙwayar kai tsaye. Ta dunƙule ta zauna, ta ƙi tafiya.

"Ba shi za ki gasa ba," in ji Malama. "Zoben za ki gasa. Liƙi zafi yake bi. Inda ya fi zafi, nan yake zuwa."

Ta zagaya wutar a jikin zoben a hankali. Sai ta ga ƙyallin nan da ta gani a shagon mai gyara, ya gudu cikin tsagar kamar ƙadangare ya shiga rami. Aka jefa a ruwan tsami ya wanke baƙin, aka bi da magagari, aka bi da takardar guga. Ta sa tabarau, ta je bakin taga, ta nemi bakin zoben da ita da kanta ta rufe. Babu. Ta bi da farce. Babu. Ta tsaya a wurin ta daɗe, har Mai-aski ya ce ko ta hango wani ne a tasha.

Ba za a ce ta fi kowa iyawa ba. Hannunta yana da tsabta, wannan aikin asibiti ne ya bar mata. Teburinta kullum a jere, ba ta taɓa neman filaya ta rasa ba. Amma tana da nawa, kuma rabin lokacinta yana tafiya a kallon abin da ba a sa ta ba. Mai-aski ya gama zobe uku tana kan na farko.

Na farkon ma bai kai labari ba. Ta zo liƙe shi, tana kallon yadda launin wutar yake sauyawa a gefen azurfa, daga ja zuwa wani ruwan lemo, sai ta ji Malama ta ce, "Janye! Goggo, janye!" Kafin ta janye, zoben da ta yi mako biyu tana gogewa ya yi rawa, ya durƙushe, ya tattara kansa wuri guda. Ya zama ƙwallo.

Mai-aski ya ce, "Inna lillahi. Sannu, Goggo."

Ita ba ta ji shi ba. Ta sunkuya tana kallon abin. Ƙwallo ne sumul, ba gefe, ba kusurwa, yana sheƙi kamar idon kifi.

"Malama, wa ya mulmula shi?"

"Ba kowa. Haka yake yi in ya narke."

"Don me bai baje kamar mai a kasko ba?"

Malama ta ɗaga tabarau daga goshi, ta mayar. Ta ce, "Wallahi Goggo, na san yana yi, na san yadda zan hana shi, amma dalilin ban riƙe ba."

Da yamma Goggo ta ajiye ƙwallon a gaban Auta, wadda take zaune tana duba takardun ɗalibanta. Tun da aka fara ajin Auta ba ta tambaye ta komai a kai ba, sai dai ta dubi filastar yatsunta ta yi tsaki. Goggo ta ce, "Malamar kimiyya, ga tambaya."

Auta ta saurara, ta ajiye biro. Ta tashi ta ɗauko faranti, ta shafa masa mai, ta ɗiga ruwa da yatsa. Ɗigon ya tsaya a dunƙule. Ta ce, "Kin gani, Inna? Duk abin da yake ruwa, 'ya'yan cikinsa suna jan junansu. Na bakin gefe ba su da kowa a waje, sai su ja ciki. In kowa ya ja ciki, ƙwallo ake samu. Ƙarfe in ya narke jansa ya fi na ruwa ƙarfi nesa ba kusa ba."

"To in ɗan kaɗan ne, ƙaramin ƙwallo zai yi?"

"Ƙwarai."

"In guntayen duk girmansu ɗaya ne, ƙwallayen ma girmansu ɗaya?"

Auta ta dubi uwarta, ta yi dariya. "Inna, da ɗalibaina suna tambaya irin taki, da na huta."

Mako na gaba Goggo ta roƙi Malama ta bar mata guntayen wayar azurfa da ake sharewa. Ta yanka su daidai-wa-daida, ta jera a kan gawayi, ta bi su da wuta ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya yi tsalle ya dunƙule. Ta tara su a murfin kwalba kamar ƙwan kifi. Malama ta zo wucewa, ta tsaya, ta ce ai wannan tsohuwar dabara ce, maƙeran da suna ƙawata 'yan kunne da irinsu, sai dai liƙa su akwai cin rai. Goggo ta ce rai ai tana da shi, ba inda za ta. Ta ɓata da yawa. Wasu suka narke suka haɗe, wasu suka gangara ƙarƙashin tebur, Mai-aski yana bin su da tsintsiya yana cewa azurfa ba ta kwana a ƙasa yana raye. A ƙarshe ta fitar da 'yan kunne guda biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Auta ta saka su zuwa makaranta, ta dawo ta ce wata malama ta tambayi inda ta saya.

Sai kuma maganar zoben Direba.

Zobe ne fari mai kauri da ya saya tun yana saurayi, a wata doguwar tafiya, wurin wani mutum da ya rantse masa azurfa ce tsantsa. Bai taɓa cire shi ba. Yatsan ya yi ƙiba a kewayensa, kamar bishiyar da aka ɗaura wa waya. In ana hira a majalisarsu aka zo zancen kayan yanzu da ba su da aminci, zoben yake ɗagawa.

Wata safiya yana taya maƙwabci duba mota, murfin injin ya faɗo masa a hannu. Ya shigo gida yana yarfe hannu yana cewa ba komai. Kafin a jima yatsan ya kumbura, ya fara sauya launi. Aka sa sabulu, aka sa mai, aka gwada zare, zobe ya ce yana nan. Goggo ta kama hannun ta duba. Ta ga irin wannan a asibiti, ta san ba abin jira ba ne.

"Maigida, yanke shi za a yi."

"Yatsan?"

"Zoben. In aka daɗe kuwa, har yatsan."

"A kai ni asibiti."

"Za a kai ka. Amma da cunkoson safiyar nan, kai ka fi ni sanin hanya."

Ya dubi jakar kayan aikinta, ya dube ta. "Ke da kika narkar da naki?"

"Wannan ba wuta. Zauna."

Ta zaunar da shi a bakin teburin kicin, ta ɗora hannun a kan tawul. Ta ɗauko siririn fallen jan ƙarfe, ta goge gefensa, ta shafa mai, ta lallaɓa ta cusa tsakanin zoben da fata. Direba ya ambaci Allah da ƙarfi. Ta kira maƙwabcin, ta sa shi ya riƙa ɗiga ruwa don kada ƙarfen ya yi zafi. Ta goga wa bakin zarto kyandir, ta fara, sama da ƙasa, ba turawa. Garin azurfa fari yana zuba a kan tawul. Can sai ta ga garin ya koma rawaya.

Ta tsaya. Ta gyara tabarau. "Don me…"

"Ki yanke!" in ji Direba. "Ki yanke, ki yi tambayar daga baya!"

Ta yanke. Ta kama gefe biyu da filaya, ta buɗe, yatsan ya fita. A asibiti aka ce ƙashin ya tsage kaɗan, aka ɗaure, aka ce gara da aka cire zoben da wuri. Duk tsawon zaman jiran likita, Goggo tana riƙe da zoben tana leƙa bakin yankan. Fatar waje azurfa ce mai kauri, gaskiya. Amma cikin, tagulla ce rawaya.

A hanyar dawowa ta nuna masa. Ya karɓa da hannun hagu, ya duba. Sannan ya ce, "Mutumin nan har da rantsuwa." Ya miƙa mata. "A bar kaza cikin gashinta. Kada in ji zancen nan a waje."

Ta ce to. Amma abin da ya dame ta daban ne. Ta yaya aka sa tagulla a cikin azurfa, ba baki, ba tabo, har ta yi shekaru a hannun mutum ba ta leƙo ba? Ta ce ajin ai ba waje ba ne, ta kai wa Malama.

Malama ta sa gilashin ƙara girma, ta juya zoben, ta yi ɗan murmushi. "Wanda ya yi wannan ya iya aiki, ko da bai iya gaskiya ba." Ta nuna musu yadda ake yi: a naɗe fallen azurfa ya zama bututu, a zura sandar tagulla a ciki, a ja su tare ta cikin ramukan wani farantin ƙarfe, daga babba zuwa ƙarami, har su manne kamar ƙashi da ɓargo. Ranar darasin da aka shirya bai yiwu ba. Kowa ya taru ana jan waya.

Mai-aski ya ce, "Malama, a sake maimaita wurin nan a hankali."

Malama ta ce, "Kai kam ba zan maimaita maka ba."

Da Direba ya ji zobensa ya je aji, ya yi faɗa, ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwa da ka. A rana ta uku ya ce zai raka ta, don ya ga abin da za a yi wa kayansa. Ya zauna a gefe da hannu a ɗaure, fuska a murtuke. Goggo ta yanko ɗan guntun azurfa ta ƙara a inda ta yanke don zoben ya yi faɗi, ta liƙe. Wannan karon ta janye wutar a kan lokaci. Kafin ta gama gogewa, Direba ya tashi ya koma wurin injin da ake murza ƙarfe ya yi falle, yana gaya wa Malama cewa haƙoran injin suna neman mai, ya ji a sautinsu. Ta ba shi gwangwanin man. Ya sa zoben bayan yatsan ya warke. Labarin kuwa, shi da ya ce a bar kaza cikin gashinta, shi ya fige ta a majalisa da bakinsa, har yana ƙara gishiri: wai zarton a kan jijiyarsa ya tsaya.

Da watannin ajin suka cika, aka ba su takardar shaida. Mai-aski ya sa tasa a gilashi ya rataye a shago. Goggo ta share ɗan ɗakin ajiya da ke bayan kicin, Direba ya haɗa mata tebur ya ƙwaƙule gefensa, Auta ta sayo mata fitila mai wuya da abin kashe gobara, ta kuma sa ta yi alkawarin ba za ta kunna wuta ba sai taga tana buɗe. Ba ta buɗe shago ba, ba ta kuma yi suna ba. Matan unguwa suna kawo mata ɗan kunnen da ya rasa ƙugiya, da awarwaron da ya lotse, da cokulan da suka rabu da mariƙinsu. Tana gyarawa, sai dai duk wadda ta kawo abu ta san ba za ta same shi da wuri ba, don sai Goggo ta gama binciken yadda aka ƙera shi tukuna. Ta sake rubuta sunanta a ajin gaba, inda ake sassaƙa abu da kakin zuma a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa.

Ranar da za a fara wannan ajin, ta shiga bas da wuri. Wata mata ta zauna kusa da ita, a hannunta akwai munduwa da aka murɗa kamar igiya, waya uku, biyu farare ɗaya ja. Goggo ta yi ƙoƙari ta kalli taga. Ta kasa.

"'Yata, don Allah ba don rainin hankali ba, in ga abin hannunki?"

Matar ta yi jim, ta dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalin Goggo, ta miƙo hannun. Goggo ta sa tabarau, ta bi murɗin da yatsa tana neman inda aka fara. Matar ta ce ta kakarta ce. Goggo ta ce ko ta san a ina aka ƙera, matar ta ce ba ta sani ba, amma akwai 'yar'uwar munduwar a gida, mai kan maciji. Goggo ta ce kan macijin zuba shi aka yi ko sassaƙawa? Matar ta ce ita fa ba ta taɓa lura ba, amma bari ta kira yayarta ta tambaya.

Suna cikin wayar yaron mota ya buga ƙofa ya ce an zo ƙarshen hanya, kowa ya sauka. Goggo ta ɗaga kai ta ga wata unguwa da ba ta taɓa zuwa ba. Cibiyar tana can baya, nesa. Matar ta ce gidansu ga shi nan bayan kantin magani, in tana so ta shigo ta ga ɗayar da idonta.

Goggo ta dubi agogo. Ta riga ta makara. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Mu je."